Fayil Biyu, Lamba Ɗaya

Kai, ku tsaya, ku tsaya! Wannan gardamar da kuke ta yi tun safe a kan lambar siga, wai ko kowane ɓangaren manhaja ya riƙe tasa lambar ko a haɗa su duka a lamba ɗaya, wallahi ta fama mini wani tsohon miki. Na ma ga wani ya rubuta wai lambar nan ado ce kawai. Ɗan'uwa, ni ma na taɓa faɗin haka, da wannan bakin nawa. Bari in ba ku labari, don tun ɗazu yatsuna ke ƙaiƙayi.

Shekarun baya, wajen dubu biyu da 'yan kai, ina zaman shagon yayana a Zuru, kusa da kasuwa. Shagon buga takardu ne da hoto-kofi, kwamfuta ɗaya, firinta ɗaya, sai janareta mai tari kamar tsoho. A nan na koya wa kaina rubuta manhaja, daga wani littafi da wani ɗan bautar ƙasa ya manta da shi, bangonsa ma babu. Ba malami, ba intanet sai in na je kafe, wato shagon intanet. In abu ya ƙi aiki sai in yi ta kallonsa har ya ji kunya.

A shagon na haɗu da abokina. Ya zo buga takarda ne, ya leƙo ya ga abin da nake yi, ya ce, "Wannan layin naka ba zai taɓa ƙarewa ba, zai yi ta zagayawa ne." Na ce wa ya tambaye ka? Na danna, kwamfuta ta daskare. Daga ranar muka zama abokai.

Shi ɗan gidan soja ne, Kirista, babansa ya yi ritaya ya dawo gida yana noma. Kakansa soja, babansa soja, yayyensa biyu soja. Kun san gidajen nan na wajenmu, yaro na tasawa an riga an san inda ya dosa. Shi kuwa ba ya so. Kansa na lissafi ne, abin da zan kwana biyu ina kokawa da shi, shi yana cin gyaɗa zai warware. Ina ce masa ɗan bariki, yana ce mini Injiniya, amma da irin muryar da ake kiran gajere da Dogo.

Sai muka samu aiki na gaske. Wata makaranta mai zaman kanta, shugabarta, wadda kowa ke kira Madam, cocinsu ɗaya da babansa. Ta gaji da yadda malamai ke shafe makonni suna haɗa makin yara da hannu, ta ce mu yi mata manhajar fitar da sakamako. A kan wannan aikin ne babansa ya yi masa magana ɗaya, a gabana ma, muna zaune ƙarƙashin mangwaron gidansu.

"Wannan wasan talabijin naku," haka yake kiran kwamfuta, "na ba ka zuwa ƙarshen zangon makaranta. In ya zama aiki, ka zauna ka yi. In bai zama ba, ɗaukar soja na zuwa. Ka ji ni?"

"Na ji, Baba."

Ya juyo gare ni. "Kai ma ka ji, ko? Kai ne shaida."

Na ce na ji, Baba, har da murmushina. A raina ina cewa wannan ai an gama, mu da za mu kai manhajar nan har Birnin Kebbi.

To ga yadda muka tsara ta, kuma har yau ina alfahari da tsarin. Ɓangare huɗu muka yi. Ɗaya na rajistar yara, ɗaya na shigar da maki, ɗaya na lissafi, wato shi ke haɗa gwaji da jarrabawa ya fitar da wa ya zo na ɗaya wa ya zo na biyu, sai na ƙarshe mai buga katin sakamako. Ni na ɗauki rajista da buga kati, don ina son abin da ido ke gani. Shi ya ɗauki maki da lissafi. Kowane ɓangare fayil ɗinsa daban, sai an tara su wuri ɗaya suke aiki tare. Ni ina yi a shago, shi yana yi a gida da wata tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo da yayansa ya aiko masa. Filas ɗaya gare mu, ɗan abin nan na ɗaukar fayil, a wuya yake rataye shi kamar laya, shi ke kai kawo tsakaninmu.

Kowane ɓangare yana da lambar siga, wadda ke nuna karo na nawa ke nan da aka gyara shi. Da ka buɗe sabon aiki, kwamfuta da kanta take sa masa 1.0.0, sai kai ka riƙa ƙarawa. Namu duka huɗun 1.0.0 suke, tun ranar farko, ko da mun gyara su sau ba adadi.

Wata rana ya ce mini, "Injiniya, ya kamata mu fara taɓa lambar nan. Duk wanda ya gyara ɓangarensa ya ƙara ɗaya. Kuma katin nan naka, a can ƙasa, ka sa ya riƙa rubuta lambar lissafin da ya yi aiki da ita."

Na ce, "A katina? In ɓata katina da wasu ƙananan lambobi kamar takardar magani?"

"Ƙanana mana, ba wanda zai lura."

"To in ba wanda zai lura, amfanin me? Mu biyu ne fa, ɗan bariki. Ba kamfani ba ne. In muna son sanin sabo, ga kwanan wata nan a jikin fayil. Wanda ya fi kusa da yau shi ne sabo. Ko wannan ma sai an yi fareti?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai dai ka cika taurin kai." Ya bar maganar. Shi mutum ne da ba ya son ja-in-ja.

Amma gaskiyar dalilina ma ta fi wannan ban dariya. Ni ajiye lambar nake yi. Na riga na zana wani hoto da zai riƙa fitowa in an kunna manhajar, da 2.0 ƙatuwa a tsakiya, ruwan zinariya, har da walƙiya. So nake ranar da muka gama komai, duka ɓangarorin su tashi daga 1.0.0 su faɗa 2.0 a tare, kamar yaran gida ɗaya ranar Sallah. Ban son a yi ta taɓa ta kaɗan-kaɗan a rage mata armashi. Ku ji fa. Lambar da aka yi don ta gaya maka gaskiyar abin da ke cikin fayil, ni na mai da ita kayan ɗinki.

Ana dab da jarrabawar ƙarshen shekara sai Madam ta canza ƙa'ida. Da, gwaji kashi talatin ne, jarrabawa saba'in. Ta ce daga yanzu gwaji arba'in, jarrabawa sittin, don yaran da ke ƙoƙari tun farkon zango su ga amfanin ƙoƙarinsu. Malamai dai makinsu za su shigar yadda suka saba, ɓangaren lissafi ne kaɗai zai canza. Abokina ya ce wannan ai aikin shan shayi ne. Ya gyara a gida, ya kawo filas shago ina cikin fama da masu hoto-kofi, ya juye a wata folda, ya ɗaga murya ya ce, "Injiniya, na sa maka sabon lissafi! Kar ka manta!" Na ɗaga masa hannu ko juyowa ban yi ba. Damina ce, babansa na jiransa a waje, za su tafi noma gonarsu ta wajen Dirin Daji. Can kuwa lokacin ko ka hau bishiya waya ba ta kamawa.

Da na zo haɗa faifan da zan kai makaranta, sai na ga lissafi guda biyu. Ɗaya a foldata, ɗaya a wadda ya juye. Suna ɗaya. Na duba lamba, 1.0.0 da 1.0.0. To, sai dabarata. Na duba kwanan wata. Na foldata watan da ya wuce ne. Nasa kuwa, wai watan Janairu na wasu shekaru can baya, tun kafin ma mu san juna.

Dariya na yi, wallahi. Na ce ɗan barikin nan garin sauri ya kwaso mini wani tsohon tarkace. Na ce ai ko watan jiya ya taɓa gyara wani abu a nan shago, wataƙila a nawa ya yi gyaran. Na ɗauki mai sabon kwanan wata, na juye komai a faifai, na hau kabu-kabu na kai makaranta. Na gwada, komai ya tashi lafiya. Ba ɓangaren da ya yi ƙorafi, don ba wanda muka koya wa ya tambayi ɗan'uwansa kai wane ne. Katuna suka fito tas, da tambarin makaranta, da layin zinariya a gefe. Madam ta ɗaga ɗaya ta ce, "Yarana, kun fitar da ni kunya." Na koma shago ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba.

Abin da ya sa ba wanda ya gane da wuri, makin ba su yi wani mugun canzawa ba. Mai sittin da biyar ya koma sittin da uku, irin haka. Ido ba zai kama ba. Amma a saman aji, inda yara ke bin juna da maki ɗaya, ya isa ya juya komai.

Ranar ba da kyaututtuka aka kafa rumfa, iyaye suka cika, abokina ya dawo daga gona ya sa rigarsa ta zuwa coci. Babansa ma ya zo, ya zauna a layin gaba da sandarsa. Madam har ta ambace mu a jawabinta, aka tafa mana. Aka kira wani yaro na ɗaya a aji shida, ya karɓi kyautarsa, mamarsa ta yi guɗa. Sai na hango wata yarinya a gefe ta kifa kai a cinya tana kuka, malamin lissafi ya tsuguna kusa da ita. Ashe shi ya riga ya haɗa na ajinsa da hannu a sabuwar ƙa'ida, har ya ce mata ta gaya wa iyayenta su zo da shiri, ita ce ta ɗaya.

Kafin a gama kwashe kujeru an kira mu ofis.

Malamin ya ajiye lissafinsa a tebur ya ce, "Madam, injin nan da talatin da saba'in ya yi aiki. Duk makarantar."

Abokina ya ce, "Ba zai yiwu ba, Ma. Na canza shi. Da hannuna na canza."

Na ce, "Ni kuma sabo na sa, Ma. Na duba."

Muka buɗe kwamfutar makaranta a gabanta, muna neman abin da za mu nuna. Me za mu nuna? 1.0.0. Shi yana kallona, ni ina kallonsa. Ni a lokacin har ga Allah na ɗauka shi ne ya manta bai adana gyaran ba. Shi kuma ya fara shakkar kansa, na ga hakan a fuskarsa.

Madam ta cire tabarau ta ce, "Ni ban san yarenku ba. Tambaya ɗaya zan yi. Wa ya yi wajen lissafin?"

Ya ce, "Ni ne, Ma."

Shi ke nan. Aka karɓo katunan da aka raba, malamai suka koma haɗawa da hannu cikin hutunsu suna tsine mana. Madam ta je gidan iyayen yaran biyu da kanta ta ba da haƙuri, ta sayi wata kyautar ta ba yarinyar. Mamar yaron kuwa ta ce ba za a mai da ɗanta abin dariya ba, ta cire shi daga makarantar. Aka goge manhajarmu. Kuma a gari, labarin da ya zaga shi ne ɗan gidan tsohon soja ya kasa lissafi. Shi fa. Lissafi.

Bayan 'yan kwanaki na je gidansu da hantsi, don mu zauna mu gano inda abin ya lalace. An kawo wuta, ya kunna kwamfutarsa. Tana gama tashi sai na ga ya kai hannu can ƙasan allo ya buɗe agogo yana gyarawa, ko tunani ba ya yi, kamar mai korar ƙuda.

Na ce, "Me kake yi?"

"Kwanan wata. Ƙaramin batirin cikinta ya mutu. Duk aka kashe ta sai ta koma Janairun shekarar da aka ƙera ta. Kullum sai na gyara."

Na ce, "Kullum?"

"Kullum mana. Sai dai in ina sauri." Ya juyo a hankali. "Injiniya. Wanne ka ɗauka?"

Muka ciro filas, muka buɗe fayil ɗin nan mai kwanan watan Janairu. Ga arba'in, ga sittin, zaune lafiya lau. Yana nan a shagonmu tun ranar, a folda ta kusa da wadda na ɗauka.

Na zaci zai zage ni. Da ma ya zage ni. Dariya ya yi, irin wadda ba ta kai ido ba, ya ce, "To aƙalla ban haukace ba. Kwana nawa ina tunanin kaina ya fara taɓuwa."

Na ce tashi mu je wajen Baba, yanzu. Muka same shi yana wasa fartanya a bayan gida. Na tsuguna na yi masa bayani tun daga farko, da batir, da kwanan wata, da folda biyu. Na ce, "Baba, aikinsa daidai yake. Ni na ɗauki tsohon. Kuma ya ce mu sa lamba, ni na ƙi."

Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Wato abu biyu daban, kun ba su lamba ɗaya."

"E, Baba."

"A bariki ko bargo yana da lambarsa." Ya ci gaba da wasa fartanyarsa. "Na yarda da kai, yaro. Ban ce ɗana ya yi ƙarya ba. Amma me na ce ƙarƙashin mangwaro? Kai ne shaida."

"Kun ce in ya zama aiki."

"Ya zama?"

Abokina ya dafa kafaɗata ya ce, "Tashi, Injiniya. Ya isa."

Na koma wajen Madam ma na gaya mata. Ta ce ta gode da na zo, Allah ya yi mini albarka, amma ita da kwamfuta sai wani zamanin. Na tare malamin lissafi a hanya na gaya masa, na gaya wa duk wanda ya shigo shago ya tsaya minti biyu. Amma kun san yadda labari yake, na farkon ne ke zama. Wa zai tsaya jin zancen batir?

Da aka zo ɗaukar soja ya je, kuma aka ɗauke shi, da ma jikinsa na gidansu ne. Na raka shi tasha. Ya ciro filas daga wuyansa ya rataya mini, ya ce, "Riƙe. Kwamfutar ma na ce a kai maka. Amma don Allah ka saya mata batir." Batirin nan, jama'a, bai kai girman maɓallin riga ba. A teburin mai gyaran agogo na same shi, ƙofa uku daga shagonmu.

Yanzu dai komai ya wuce. Yana nan lafiya, ya yi aure, yana da yara, ya samu igiyoyinsa, har ya yi tumbi. Ya ce mini ba ya riƙe da komai, kuma na yarda, don ba ya iya ɓoye fushi. Wani lokaci ma cewa yake wataƙila ko manhajar ta yi aiki Baba zai samo wani dalilin. Wataƙila. Amma ni na san bai sake rubuta ko layi ɗaya ba tun ranar. Kuma ya fi ni, nesa ba kusa ba. Duk lokacin da na maƙale a wani aiki na kwana biyu ina zagaye, sai in tuna akwai wanda da yana nan da gyaɗarsa a hannu, da tuni an wuce wajen.

Shi ya sa in kuka ga yadda nake aiki yanzu za ku ce ina da matsala. Ko waƙafi na canza a ɓangare, sai lambarsa ta motsa. Akwai wuri ɗaya tak da nake rubuta wace siga ta kowane ɓangare ce ke tafiya da wace, duk sauran daga nan suke karantawa, ba na yarda a rubuta lamba a wuri biyu. Kowane ɓangare in zai tashi sai ya tambayi na kusa da shi lambarsa, in ba ita yake jira ba, ya tsaya ya yi ihu, ban yarda ya yi shiru ya ci gaba ba. Kuma duk takardar da manhajata ta buga, duba can ƙasa, za ka ga 'yan ƙananan lambobi kamar na takardar magani. Ku masu gardamar lamba ɗaya ko lamba daban-daban, ni duk wanda kuka zaɓa ban da ja. Abin da na sani kawai, kada abu biyu daban su taɓa amsa lamba ɗaya, kuma kada ku tambayi agogo abin da lamba ya kamata ta gaya muku.

Kwanakin baya na tura masa hoton wani aiki da na gama. Bai ce ya yi kyau ba, bai ce komai a kan launi ba. Cewa ya yi, "Injiniya, na ga lambobin a ƙasa." Na daɗe ina kallon saƙon nan.

Hoton 2.0 ɗin nan mai ruwan zinariya yana nan cikin filas ɗin, har da walƙiyarsa. Ban taɓa sa shi a komai ba. Na mutum biyu ne.

To ku fa? Akwai wanda tsohon fayil ya taɓa shiga masa a rigar sabo? Me ya ci muku, kuma ta yaya kuka gano? Ku rubuto a ƙasa, don Allah, ina nan ina karantawa, kar ku bar ni ni kaɗai da wannan abin.